Sarƙar Taya da Riƙon Ƙasa: Daga Dusar Ƙanƙarar Tsaunukan Alps zuwa Lakar Hanyoyin Malisa da Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin sarƙar da ake ɗaura wa tayar mota domin tafiya a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Turai, da yadda ake ɗaura ta ga motar da ke ja da ƙafa huɗu. Daga nan sai ta auna wannan dabara da irin ƙasar da direbobin yankin Malisa da Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi suke fama da ita. Abin da maƙalar ta tsaya a kansa shi ne, ja da ƙafa huɗu ba ya ƙara wa taya riƙo, rarraba ƙarfin inji kawai yake yi. Sarƙa kuma tana amfani ne a inda abu mai santsi ya lulluɓe ƙasa mai tauri, tana kuwa cutarwa a inda ƙasar ba ta da gindi. An kuma nuna cewa kalmomin Hausa na yau da kullum sun riga sun bambance waɗannan yanayi guda biyu.

1.0 Gabatarwa

Malisa ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwandu, gabas da Birnin Kebbi, Kalgo kuwa tana kudu da birnin, a kan hanyar Jega, inda hanyar Bunza ta rabu. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a wannan yanki. Sanyin hunturu, duk da yadda yake kaɗa haƙora da asuba, ba ya kai wa ga daskarar da ruwa, zafin bazara kuwa kan haura digiri 40. Saboda haka mai karatu na iya ganin zancen sarƙar dusar ƙanƙara a nan tamkar tallar bargo ne a watan Afrilu.

Sai dai matsalar da sarƙar ta zo warwarewa ba baƙuwa ba ce. Duk direban da ya taɓa shiga hanyar ƙauye a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya ji taya tana juyawa mota ba ta gaba, ya san ta sarai. A irin wannan hanya ake ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, ake kai allurar rigakafi da takin zamani, ake fito da gero da albasa da shinkafa zuwa kasuwa. Motocin da ake dogara da su a nan, irin su Hilux da Land Cruiser, su ne dai ake ɗaura wa sarƙa a mashigan tsaunukan Faransa da Ostiriya, kuma kuskuren da ake yi a kansu iri ɗaya ne a can da nan, wato ɗaukar cewa motar da ke ja da ƙafa huɗu ba ta da shamaki.

2.0 Abin da ja da ƙafa huɗu yake yi

Duk girman mota da ƙarfin injinta, wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu da 'yan yatsu ba. Ta waɗannan wurare huɗu ne mota take tashi, take karya kwana, take tsayawa. Masana kimiyyar motsi suna auna riƙon da ke tsakanin taya da ƙasa da wani adadi: a busasshiyar kwalta yakan kai kimanin 0.7, a dannanniyar dusar ƙanƙara kimanin 0.2, a daskararriyar ƙanƙara kuwa yakan faɗo zuwa 0.1. Ma'anar wannan a aikace ita ce, motar da ke gudun kilomita 50 a awa, daga lokacin da birki ya kama, tana bukatar kimanin mita 14 kafin ta tsaya a kwalta, kimanin mita 50 a dusar ƙanƙara, da kusan mita 100 a ƙanƙara.

Mota ta yau da kullum tana tura ƙarfin injinta zuwa ƙafa biyu ne, na gaba ko na baya. Mai ja da ƙafa huɗu tana raba shi ga dukkansu, don haka abin da ake nema daga kowace taya yakan ragu, ita ma ba ta saurin juyawa a banza. Wannan fa'ida ce ta gaske wajen tashi da hawan tudu. Amma birki, tun asali, a kowace mota ƙafa huɗu yake kamawa. Ke nan wajen tsayawa da gangara babu wani fifiko da Hilux ta yi wa ƙaramar mota, hasali ma nauyinta ƙarin wahala ne. Abin da ya fi haɗari shi ne sauƙin tashin yakan ruɗi direba, ya ɓoye masa santsin da ke ƙarƙashinsa, har sai ya taka birki a kan kwana sannan ya gane halin da yake ciki.

Akwai kuma wani abin da ba kowane direba ya sani ba. A tsakiyar aksul akwai akwatin haƙoran ƙarfe, difaranshiya, wanda yake ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan ana karya kwana. Aibinsa shi ne, in taya ɗaya ta rasa riƙo, ita ce za ta yi ta juyawa, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai kyau ta tsaya cik. Shi ya sa ake ganin mota mai ja da ƙafa huɗu ta kafe, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna feshin taɓo, sauran biyun ko motsi ba sa yi. Wasu motoci suna da makullin da ke tilasta wa tayoyin aksul ɗaya juyawa tare, wasu ba su da shi.

3.0 Sarƙar taya

3.1 Asali da doka

A shekarar 1904 ne wani Ba'amurke mai suna Harry D. Weed, mutumin garin Canastota a jihar New York, ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar sarƙar taya. Ana ba da labarin cewa ganin yadda direbobi ke naɗa igiya a tayoyinsu ne ya ba shi tunanin. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani yawancin hanyoyin karkarar Amurka ba su da kwalta, don haka taɓo yana cikin abin da sarƙar ta fara yaƙa, ba dusar ƙanƙara kaɗai ba. Sai da kwalta ta mamaye hanyoyi sannan ta zama kayan hunturu zalla a idon jama'a.

A yau ƙasashen da tsaunukan Alps suka ratsa sun shigar da ita cikin doka. A Faransa, tun daga shekarar 2021, motar da za ta shiga keɓaɓɓun yankunan tsaunuka tsakanin 1 ga Nuwamba da 31 ga Maris dole ta kasance da tayoyin hunturu ko kuma tana ɗauke da sarƙa ko makamanciyarta. A Ostiriya wa'adin kayan hunturu yana farawa daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu. Akwai kuma alamar hanya, shuɗin da'ira mai hoton taya sanye da sarƙa, wadda in an kafa ta to wajibi ne a ɗaura sarƙa a kan aƙalla ƙafa biyu masu ja. A Jamus wannan alama ta haɗa har da masu ja da ƙafa huɗu, a Suwizalan kuwa akan ƙara ƙaramin allo a wasu wurare da ke ɗauke musu wajibcin. Afirka ma ba ta fita daga zancen gaba ɗaya ba, domin mashigar Tizi n'Tichka da ke tsaunukan Atlas na Maroko, tsakanin Marrakesh da Warzazat, takan toshe da dusar ƙanƙara a lokacin sanyi.

3.2 Yadda ake ɗaurawa

Aikin yana farawa ne tun a gida. A jikin kowace taya akwai lambobin girmanta, alal misali 265/65 R17 da ake gani a Hilux da yawa, kuma da waɗannan lambobi ake sayen sarƙa. Wadda ta yi girma za ta riƙa dukan cikin mudugadi, wadda ta yi kaɗan ba za ta haɗu ba. Sannan a duba littafin motar, domin shi ne zai faɗi aksul ɗin da aka yarda a sa wa sarƙa. Dalili kuwa shi ne a bayan tayar gaba akwai bututun man birki da wayoyi da ƙarafan sitiyari, kuma a wasu motoci ratar da ke tsakaninsu da taya ba ta kai ta ɗauki kaurin sarƙa ba. Sarƙar da ta kama bututun birki ta tsinka shi a kan gangara ta fi rashin sarƙar muni.

Tambayar da direbobin irin waɗannan motoci suka fi gardama a kanta ita ce, in sarƙa biyu ce kawai, gaba za a sa ko baya? Masu cewa gaba suna da hujja, domin da ƙafafun gaba ake juya mota, kuma su ne suke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Amma idan gaba ta riƙe ƙasa gam baya tana kan santsi, da zarar an taka birki a gangara sai bayan motar ya nemi wuce gabanta, ta juya. Idan kuwa baya aka sa, motar za ta tsaya a kan layinta, sai dai sitiyari zai yi rauni a kwana, abin da rage gudu yake magancewa. Wannan ya sa a motocin da asalin jansu na baya ne, sai an sa giya sannan gaba ta kama, masu ƙera su suka fi nuna baya. Mafi inganci dai shi ne a sa wa dukkan huɗun in littafin motar ya yarda.

Idan an iso inda za a ɗaura, sai a nemi wuri shimfiɗaɗɗe a gefen hanya, a ja birkin hannu, a bar mota cikin giya. A shimfiɗa sarƙar a ƙasa a warware duk wani murɗi, domin murɗaɗɗiyar sarƙa takan gajarce kuma a nan take tsinkewa. A tabbata bakin ƙugiyoyinta yana kallon waje, ba jikin roba ba. Irin da ta fi yawa a yau tana da lanƙwasasshiyar waya mai ƙarfi: ana zura wayar ta bayan taya a ƙasa, a ɗago bakunanta biyu a haɗa su a saman taya, a tura ta ta koma bayan taya, sannan a jawo ragar sarƙar ta lulluɓe fuskar tayar. Daga nan a haɗa ƙugiyoyin waje, a ja sarƙar ɗaurewa ta cikin makamarta har ta yi tsam, a maƙale ragowarta don kada ta riƙa kaɗawa.

Matakin da aka fi mantawa shi ne na bayan wannan. Dole a matsa da mota kamar mita 50 zuwa 100, a tsaya, a sake ɗaurewa, saboda sarƙa takan zauna a jikin taya ta saki. Ba a wuce gudun kilomita 50 a awa da ita. Ba a fizgar totur, ba a danna birki da ƙarfi. A gangara ƙaramar giya ake sawa inji ya riƙe mota. Da zarar baƙar kwalta ta bayyana kuma sai a tsaya a cire, in ba haka ba sarƙar za ta cinye kanta, ta ci taya da hanya, ga shi kuma ƙarfe a kan busasshiyar kwalta bai kai roba riƙo ba. Haka ma giyar ja da ƙafa huɗu a irin motocin da aka ambata: barinta a kan kwalta yana murɗe ƙarafan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, domin babu santsin da zai saki bambancin juyawar gaba da baya.

Duk wannan da hannu ake yin sa, a durƙushe, cikin sanyin da ke kashe yatsu, sau da yawa da dare. Wanda bai taɓa gwadawa a ƙofar gidansa da rana tsaka ba, ba a kan tsauni zai koya ba.

4.0 Ƙasar Gwandu da Kalgo

Sarƙa tana aiki ne ta hanyar tattara nauyin mota a kan 'yan siraran ƙarafa, su huda abin da ke sama su ciji abin da ke ƙasa. Sharaɗinta ke nan: a sami abu mai tauri da za a ciza. Da wannan ma'auni ya kamata a dubi ƙasar yankin.

Masana ilimin duwatsu sun raɗa wa shimfiɗar ƙasar da ta mamaye wannan sashe na kwarin Sakkwato sunan Gwandu. Shimfiɗa ce ta yumɓu da yashi, wadda marmara ta rufe kan tuddanta, shi ya sa ake ganin tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai jefi-jefi. Ruwan shekara kimanin milimita 800 ne, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Daga wannan haɗi direba yake samun ƙasa iri uku, wani lokaci a cikin tafiyar da ba ta wuce ta rabin awa ba.

Ta farko ita ce hanyar burji ko fako da ruwa ya jiƙa samanta. Yumɓun da ke sama yakan narke ya zama santsi, ya cika zanen taya har ta koma sumul kamar bayan ƙwarya, alhali ɗan taƙi kaɗan a ƙarƙashi ƙasar tana nan da taurinta. Wannan ita ce 'yar'uwar dusar ƙanƙara ta haƙiƙa, kuma a nan sarƙa za ta yi aikin da take yi a Alps, domin tana karkaɗe lakar da ta manne mata a kowane juyi. Masu aikin katako a dazuzzukan ƙasashe da dama suna sa ta domin taɓo. A kasuwannin kayan mota na Arewa ba abin da aka saba gani ba ne. Abin da aka saba shi ne zuba tsakuwa ko kara ko rassan itace a gaban taya, da kiran samarin gari su tura.

Ta biyu ita ce lakar fadama, irin wadda ke kwance a kwarin gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya gangara ta ƙasar Kalgo zuwa Bunza, inda ake noman shinkafa. Bayan ambaliya, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar a shekarar 2020, wannan laka takan yi zurfin da ba a isa gindinta. A nan sarƙa magirbi ce: kowane juyi haƙa yake yi, har cikin mota ya zauna a ƙasa tayoyi su rataye. Daga nan kuwa sai jak da shebur da tarakta. Gogaggen direba kan sauka ya caka sanda kafin ya shiga, kuma abin da sandar take faɗa masa shi ne amsar tambayar sarƙa baki ɗaya.

Ta uku ita ce rairayin jigawa da na busassun rafuka da rani. Maganinsa kishiyar sarƙa ne. Ba cizo ake nema ba, shawagi ake nema, wato a faɗaɗa tafin taya don kada ta nutse. Shi ya sa ake rage iska, daga abin da gejin falkanaiza ke nunawa 35 zuwa wajen 18 ko 20, a tafi a hankali ba tare da karya kwana da ƙarfi ba, a mayar da iskar in an hau ƙasa mai tauri. Da wannan dabara da kuma shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya ne Ralph Bagnold da abokan tafiyarsa suka ratsa rairayin hamadar Libiya da ƙananan motocin Ford a wajajen 1930, kuma da su direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku suke aiki har yau. Wanda ya ɗaura sarƙa a rairayi kabari yake haƙa wa motarsa.

Akwai kuma haƙƙin hanya. Sarƙa a jiƙaƙƙen burji tana fitar da mai ita, amma tana barin kwazazzabo ga mai babur da mai amalanke da ke biye. Taswirorin zamanin mulkin mallaka sukan raba hanyoyin Arewa gida biyu, na rani kaɗai da na kowane lokaci, a ƙasashen rainon Faransa kuma an san shingen da ake tsayar da manyan motoci da shi bayan ruwa har hanya ta sha iska. Wannan shinge da shuɗiyar alamar Alps manufarsu ɗaya: ba a bar wa direba shi kaɗai hukuncin ko hanya za ta ɗauke shi ba.

5.0 Abin da harshe ya riga ya tanada

Ta fuskar sanyi, Hausa ba ta da yalwar kalmomi, kuma ba abin mamaki ba ne. Ƙanƙara asalinta ita ce wadda ke zubowa da ruwan sama ta farfasa ganye. Zuwan firji ya faɗaɗa ma'anarta ta haɗa da daskararren ruwa. Sannan aka ƙirƙiri dusar ƙanƙara ta hanyar kamanta ta da dusar hatsi. Ƙirƙirar ta yi kyau, domin ta kama laushi da warwatsuwar abin. Amma mai fassara bayanin tuƙi dole ya yi hattara, saboda bambancin dusar da aka danne da ƙanƙarar da ta daskare a kan kwalta shi ne bambancin mita 50 da mita 100 da aka ambata a sama.

Ta fuskar ƙasa kuwa lamarin ya juya. Taɓo, laka, yumɓu, caɓi, fako, marmara, tsakuwa, burji, jigawa, rairayi, fadama: kowace tana gaya wa direba abin da zai yi da giya da iskar taya. Aikatau ma haka. Mota takan zame, ta kafe, ta nutse, ta maƙale, ta kife, kuma dukkan waɗannan suna cikin giredi na huɗu a rabe-raben da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, giredin da ke nuna aiki ya kai matuƙa. Zamewa matsalar santsi ce, ita sarƙa ke magani; nutsewa matsalar rashin gindi ce, ita sarƙa ke tsanantawa. Bahaushen direba da bai taɓa ganin sarƙar taya ba yana riƙe da wannan rarrabewa a bakinsa. Ga kuma wani ɗan abin lura ga masu rubutu ba tare da lanƙwasa ba: gulbi ne yake ƙafewa, mota kafewa take yi, kuma a ƙasar Kalgo sai na farkon ya auku sannan na biyun yake sauƙi.

Sunan motar kansa bai zauna ba. A Nijeriya ana jin jif, wadda ta koma sunan duk wata doguwar mota ko da ƙafa biyu take ja, a Nijar kuwa kat-kat ake cewa, daga Faransanci, kuma ita ta fi kusa da ma'anar. Mota mai ƙafa huɗu ba ta bambance komai ba tunda kowace ƙaramar mota huɗu gare ta, shi ya sa aka zaɓi mai ja da ƙafa huɗu a wannan maƙala duk da tsawonta. Game da ita kanta na'urar, bakanike zai fi saurin cewa cen, amma a bakin jama'a cen ta riga ta zama ta keke da babur, wadda ke kai ƙarfi daga inji zuwa taya. Idan aka ce wa yaron mota ya ɗauko cen ɗin taya, wurin mai gyaran babur zai nufa. Sarƙa kuwa, tun daga ta wuya har zuwa ta ɗaure ƙofa, abu ce da ake kewaya wani abu da ita a ɗaure, kuma haka ake yi da wannan.